Tambayoyi da Amsoshi Kan Wutar Sola: Ƙwazon Faranti da Yadda Take Aiki a Ƙasashen da Yaƙi Ya Ɗaiɗaita

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, da wuya a zauna majalisa bayan La'asar a ƙauyukan da ke tsakanin Hadejia da Auyo da Kafin Hausa a tashi ba a taɓo zancen sola ba. Mai noman rani yana lissafin man da injin ban-ruwa ke sha, mai shagon cajin waya yana kuka da janareta, ma'aikaciyar ɗakin shan magani kuma hankalinta yana kan firjin allurar rigakafi. Da yake haɗa kayan sola da gyaransu ita ce sana'ata, tambayoyin kan biyo ni har gida, wasu a ƙofar masallaci bayan an sallame, wasu ta waya. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a nan, na kuma haɗa da abin da ya faru a wuraren da yaƙi ya rusa musu wutar gwamnati, domin a can ne aka yi wa sola gwaji mafi tsanani.

Malam, mece ce ma'anar kason da ake rubutawa a bayan faranti, kamar kashi 21 ko 22 cikin ɗari?

Wannan shi ne ƙwazon farantin, wato yawan abin da yake iya juyawa ya zama wutar lantarki daga cikin hasken ranar da ya sauka a kansa. Masu gwaji a duk duniya sun amince da ma'auni ɗaya: ana haska farantin da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowane murabba'in mita, zafin jikinsa kuma yana kan digiri 25. Idan murabba'in mita guda ya ba da wat 210, ƙwazonsa kashi 21 ke nan. Ragowar hasken wani ya koma sama, mafi yawansa kuma ya zama zafi a jikin farantin. Babban farantin nan na wat 550 da ya cika kasuwa, tsawonsa kimanin mita 2.28 ne, faɗinsa mita 1.13, wato ya ɗan ɗara murabba'in mita biyu da rabi, kuma da wannan lissafi ƙwazonsa ya kama kashi 21 da 'yan kai.

Sai dai a lura da abu guda da yake rikita mutane. Faranti mai wat 300, wat 300 zai bayar, ko ƙwazonsa kashi 16 ne ko kashi 22. Bambancin shi ne mai ƙwazon ya fi ƙanƙanta, don haka ya fi sauƙin ɗauka, kuma bai cika cin wuri a kan rufi ba.

Daga ina aka faro, kuma ina aka kai yanzu?

Wani Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ne ya fara lura a 1839 cewa haske yana iya tayar da lantarki a jikin wasu sinadarai, amma sai a 1954 ne masana a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta silikon mai amfani, wato irin ƙananan yankunan nan da ake jerawa su zama faranti, wadda ƙwazonta bai wuce kashi 6 ba. Tsadarta ta sa da farko a sararin samaniya ta samu aiki, a jikin tauraron ɗan'adam na Vanguard 1 da aka harba a 1958.

Farantan da suka fara shigowa ƙauyukanmu, masu launin shuɗi-shuɗi da ake ganin kamar an yayyafa musu ɓarɓashin gilashi, ƙwazonsu yakan tsaya tsakanin kashi 15 zuwa 17. Baƙaƙen da suka maye gurbinsu an yanko su ne daga silikon dunƙule guda, aka kuma ƙara musu dabarar da ake kira PERC, wadda Farfesa Martin Green da ɗalibansa suka samar a Jami'ar New South Wales ta Ostiraliya tun shekarun 1980. Dabarar ita ce a shimfiɗa wani siririn rufi a bayan ƙwayar, wanda yake mayar da hasken da ya so ya wuce, yana kuma rage asarar lantarki a wurin. Bayanta aka zo da TOPCon, wadda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta bayyana a 2013, kuma ita ce a yanzu take mamaye masana'antu, da ƙwazon kashi 22 zuwa 23 a farantin da ake sayarwa. A ɗakin bincike kuwa, kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai ƙwayar silikon zalla kashi 26.81 a 2022, sannan ya haura kashi 27 a 2024.

To, haka za a yi ta ƙarawa har a kai kashi ɗari?

A'a. Tun a 1961 wasu masana biyu, Shockley da Queisser, suka lissafa cewa ƙwaya mai hawa ɗaya tana da iyaka, wadda ba ta wuce kimanin kashi 33 ba, silikon kuma tasa iyakar kusan kashi 29 ce. Dalili shi ne hasken rana launuka ne da yawa a haɗe, kamar yadda bakan gizo yake nunawa, kuma silikon ba ya iya cin moriyar kowanne daidai: wani hasken ya yi masa rauni sai ya ratsa ya wuce, wani kuma ya fi ƙarfin buƙatarsa sai rarar ta zama zafi.

Hanyar tsallake wannan iyaka ita ce a yi wa ƙwayar bene. Ana ɗora wani sinadari da ake kira ferobsikayit a kan silikon, na saman ya kama haske mai ƙarfi, na ƙasan ya kama wanda ya rage. A 2009, lokacin da Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara gwada wannan sinadari, kashi 3.8 kacal ya samu. A 2023 LONGi ya kai haɗin ferobsikayit da silikon kashi 33.9, a 2024 ya kai 34.6, kuma a cikin shekarar ce kamfanin Oxford PV ya sanar da sayar da rukunin farko na irin waɗannan faranti, masu ƙwazon kashi 24.5, ga wani mai saye a Amurka. Matsalar ferobsikayit ita ce ba shi da juriyar silikon a gaban danshi da zafi, kuma akwai dalma a cikinsa. Wanda ya san ranar watan Afrilu a Gumel zai gane dalilin da ya sa ban ɗoki zuwansa ba tukuna.

Ke nan in dakata har sababbin su iso, ko in saya yanzu?

Alhaji, ka saya yanzu idan da hali. Kuɗin man da za ka ƙona a rani biyu kana jira ya fi abin da ƙarin kashi biyu ko uku zai sama maka, kuma mu a karkara fili bai yi mana ƙaranci ba. Idan wutar ba ta isa ba, faranti guda ake ƙarawa. Mutanen birni masu ɗan rufi ne ƙarin ƙwazo ya fi dama.

Tunda ranarmu ta fi ta Turai zafi, ashe ba farantinmu zai fi nasu ba da wuta ba?

A jimillar shekara ya fi, domin muna samun abin da ya kai sa'o'i biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a kullum. Amma haske faranti yake ci, zafi kuwa cutarsa yake yi. Duk digiri ɗaya da jikinsa ya ɗara 25, farantin PERC yana rasa kimanin kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa, na TOPCon kimanin 0.30. A tsakiyar bazara, farantin da aka kwantar a kan kwano zai iya kai digiri 65, wato ƙarin digiri 40, wanda ke nufin asarar kashi 14. Mai wat 550 ya dawo kusan 470 tun kafin a yi maganar ƙura ko siririyar waya. Shi ya sa manomi kan yi mamakin ganin famfonsa ya fi feshi da hantsi a watan Nuwamba fiye da azahar a watan Afrilu.

A ganina, wannan ragin na asarar zafi shi ne ci gaban da ya fi amfanar mu a cikin sababbin faranti, ko da yake ba shi ake tallatawa ba. Kuma akwai maganin da ba ya cin kuɗi: a ɗaga farantin daga kwano da aƙalla taƙi guda domin iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa, a fuskantar da shi kudu, a kuma karkata shi kamar digiri 10 zuwa 15, tunda Kano da Dutse suna kimanin digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Karkatar tana kuma taimaka wa ruwan sama ya wanke shi da kansa.

Hazo da ƙurar hunturu fa?

Hazon da ke sama babu yadda za a yi da shi sai haƙuri, amma ƙurar da ke kan gilashin aikinmu ce. A wani watan Janairu wani dattijo mai lambun albasa ya aiko a kira ni, wai famfonsa ya mutu, ruwan da yake fitowa bai fi na buta ba. Da na isa, farantansa shida suna jere a kan ƙarfe, sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari, har jikansa ya rubuta sunansa da yatsa a kan na gefe. Na ce a kawo bokiti da tsumma mai laushi. Muna gama goge na huɗu muka ji ƙarar ruwan ta canza a bakin tiyo, kafin mu gama na shida ya fara cika fangali. Dattijon ya dube ni ya ce, "Yanzu ɗan nan, a kan wannan na sa ka ƙona mai tun daga gari?" Na ce, "Baba, gara da aka kira ni, da wani ne da ya sayar maka da sabon famfo."

A riƙa wankewa da sassafe ko bayan faɗuwar rana, kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗauki zafi, kuma kada a sa soson ƙarfe. Kashin tsuntsu da inuwar reshen darbejiya sun fi ƙura illa, saboda ƙwayoyin faranti a jere suke kamar masu miƙa wa juna bulo a wurin gini. Idan guda ya tsaya, na bayansa duk sun rage aiki, shi kuma wurin da aka rufe yakan yi zafi har ya ƙone.

Yaya zan gane farantin da aka yi wa ƙaryar lamba?

Da tef ɗin awo. A auna tsawo da faɗi da mita, a ninka su, sannan a ninka abin da aka samu da 230; duk lambar da aka rubuta da ta haura wannan sosai, ƙarya ce, domin babu farantin kasuwa na yau da kullum da ya wuce wannan ƙwazo da nisa. Na taɓa sayen faranti huɗu a hannun wani ɗan kasuwa, an manna musu takarda mai sheƙi an rubuta wat 500, tsawonsu mita 1.65, faɗinsu bai cika mita ɗaya ba. Ko da a ce su ne mafi kyau a duniya, ba za su wuce 375 ba. Da na ɓanɓare takardar a gida sai ga tabon wata tsohuwa a ƙarƙashinta. Laifina ne, araha ta ruɗe ni, ga shi kuwa an ce araha ba ta ado. Faranti na gaskiya yana rasa kimanin rabin kashi ɗaya ne a shekara, shi ya sa masu ƙera shi suke ba da lamuni na shekara 25 ko fiye.

Mene ne ya haɗa sola da yaƙi har ake danganta su?

Wutar gwamnati tana tafiya ne a kan dogon layi daga tasha guda zuwa miliyoyin mutane, kuma wanda ya kayar da turke ɗaya a daji ya kashe wa gari guda wuta. Janareta kuma ba ya rayuwa sai da mai, mai kuwa sai hanya ta buɗe. Yaƙi waɗannan biyun yake fara ci: layi da hanya. Faranti ba ya buƙatar ko ɗaya bayan an kafa shi.

Ba sai mun je nesa ba. A watan Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun babban layin da ke kai wuta Maiduguri daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki suka sake fasawa, birnin ya daɗe a cikin duhu, har ta kai ga gina tashar gaggawa mai aiki da iskar gas, mai megawat 50, wadda aka buɗe a 2023. Mu ma mun ɗanɗana a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, matsalar tsaro ta hana ma'aikata isa wurin da wuri, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, Kano da Jigawa da Katsina da sauran jihohin Arewa suka kwashe kwanaki babu wuta. Ba a yi harbi ko ɗaya a Ringim ba, amma rikicin dajin Neja ya iso ta ta wayar lantarki. A kwanakin nan duk shagon da ke da faranti biyu da batir ya zama kamar rijiyar gari. Maƙwabtanmu na ƙetaren Maigatari su ma sun ga irin wannan ta wata fuskar: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan abin da ƙasar take amfani da shi, mutanen Yamai suka koma sayen faranti, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 kuma ta rage musu raɗaɗi.

Wace ƙasa ce ta fi nuna wannan a fili?

Yaman. Bayan 'yan Huthi sun karɓe Sana'a a 2014, ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta kuma ya shiga yaƙin a watan Maris na 2015, wutar da ke zuwa babban birnin daga tashar Marib ta yanke, man dizal ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu. Ba gwamnati ce ta kawo mafita ba. Ƙananan 'yan kasuwa ne suka cika shaguna da faranti da batir, iyalai suka riƙa sayen abin da ƙarfinsu ya kai, wani na fitila biyu da cajin waya, wani har da firji, har sola ta zama babbar hanyar samun wuta ga gidaje masu yawa a yankunan da layin gwamnati ya mutu. Daga baya, a 2018, Bankin Duniya ya fara wani shiri na gaggawa ta hannun hukumar UNOPS ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin sa wa asibitoci da makarantu da rijiyoyi sola. Mutanen Yaman sun sha fama da abin da muke fama da shi, wato kayan jabu da batirin da ke mutuwa cikin shekara, saboda a lokacin ruɗani babu mai duba ingancin abin da ke shigowa.

A arewa maso yammacin Siriya ma haka aka yi, inda rufin gidaje da tantunan 'yan gudun hijira a lardin Idlib suka cika da faranti. Yukren tata hanyar daban ce, domin ƙasa ce mai manyan tashoshi: tun daga watan Oktoban 2022 Rasha ta riƙa kai hari a kan cibiyoyin wutarta, a watan Afrilun 2024 ta rusa tashar Trypilska da ke kusa da Kyiv, wannan ya sa aka juya ga sa wa asibitoci da makarantu da tashoshin ruwa faranti da batir, saboda makami guda yana iya gamawa da babbar tasha, amma ba ya iya bin dubban rufi ɗaya bayan ɗaya. A Sudan kuma, inda yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023, hare-haren jirage marasa matuƙi a kan kayan wuta na madatsar Merowe a farkon 2025 sun jefa garuruwa da dama cikin duhu.

Shi farantin yaƙi ba ya taɓa shi?

Yana taɓa shi ƙwarai, gilashi ne. Gaza tana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan faranti a kan rufi tun kafin 2023, saboda shekarun da ta yi tana samun wuta ta 'yan sa'o'i. Da Isra'ila ta yanke layukan da ke shiga, tashar wuta guda ɗaya tilo ta yankin kuma ta tsaya a ranar 11 ga Oktoba, 2023, saboda ƙarewar mai, sola ce ta rage. Amma ruwan bama-bamai ya rusa gine-ginen tare da abin da ke kansu, sai mutane suka riƙa tono farantan da suka tsira daga ɓaraguzai suna jingina su a bakin tanti, ana layin cajin waya. Faranti mai tsagaggen gilashi yakan ci gaba da ba da 'yar wuta har sai ruwa ya shige shi, amma kada a bar yara su taɓa shi.

A wurinmu babban abokin gaba ɓarawo ne. A yi walda a kan kusoshin, a rubuta sunan gari da fenti a jikin firam ɗin, kuma a kafa na rijiyar gari inda idon mutane yake.

Sansanonin 'yan gudun hijira suna amfana?

Suna amfana. A ƙasar Jodan, sansanin Azraq na 'yan Siriya ya samu tashar sola a watan Mayun 2017, sannan a watan Nuwamba na shekarar aka buɗe wata mai megawat 12.9 a sansanin Zaatari da kuɗin gwamnatin Jamus. A sansani, fitilar hanyar banɗaki da famfon ruwa su ne mata suka fi ambata, domin duhu da nisan rijiya su ne inda ake cutar da su.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙauye. Me ya kamata mu fara nema wa ɗakin shan maganinmu?

Hajiya, ki raba buƙatun gida biyu. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma mafi dacewa da ita shi ne firjin da ke haɗe kai-tsaye da faranti ba tare da batir ba: da rana yana daskarar da ruwa a jikin bangonsa, wannan ƙanƙarar ce take riƙe sanyin da dare da ranakun hadari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irinsa, kuma kada a yarda a jona masa cajin waya. Fitilun ɗakin haihuwa da na'urar iskar numfashi su ne masu buƙatar batir, batir kuwa shi ne wurin da kusan kowace sola ke mutuwa, a Yaman ne ko a Birnin Kudu. Batir mai ruwa ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi, yana buƙatar a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, kuma zafi yana gajarta masa kwana sosai, don haka ajiye shi a ɗakin kwano marar taga kashe shi ne. Na litiyom ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Duk wanda ya zo ba ku kyautar sola, ki tambaye shi cikin ladabi wane ne zai sayi batir na biyu, a kuma rubuta amsar a gaban mai gari.

Akwai wata illa da sola ta jawo a waɗannan ƙasashe da ya kamata mu guje mata?

Akwai, kuma ita ce ta fi damuna. A da, tsadar dizal ce linzamin manomi: yana kashe inji da zarar gona ta sha, domin kowane minti kuɗi ne. Famfon sola ba shi da wannan linzami, tun fitowar rana yake zuƙa har faɗuwarta. A Yaman, ƙasar da dama can ruwanta kaɗan ne kuma noman ganyen ƙat da ake taunawa yake shanye kaso mai yawa, wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a 2021 ya danganta saukar ruwan ƙarƙashin ƙasa da yaɗuwar famfunan sola. A lardin Helmand na Afganistan manoma sun yi amfani da su suka mayar da hamada gona, galibi ta furen da ake yin hodar ibilis ta hiroyin da shi, ruwan rijiyoyi kuma ya riƙa nisa shekara bayan shekara.

Ƙasarmu iri biyu ce. Mafi yawan Kano da kudancin Jigawa a kan dutse suke, ruwan yana maƙale ne a tsagogi, bai da yawa. Arewa maso gabashin Jigawa kuwa yana kan yashin kwarin Chadi, inda ruwan ya fi wadata. Ruwan fadamar Hadejia da ake samu a 'yan mitoci ambaliyar kogi ce take mayar da shi kowace shekara, ita kuma ambaliyar ta ragu tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa. Idan kowane mai lambu ya bar famfo yana zuba a banza don rana kyauta ce, wanda rijiyarsa ta fi gajarta shi zai fara ganin laka, kuma yawanci shi ne mafi talauci. A sa tanki, a sa makunnin da ke tsayar da famfo idan ya cika, masu fadama ɗaya kuma su zauna da sarkin noma su tsara sa'o'in ban-ruwa.

Ƙaruwar ƙwazon ce ta kai sola waɗannan wurare?

Ta taimaka, amma araha ce ta yi babban aikin. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, saboda manyan masana'antun ƙasar Sin, wadda take riƙe da fiye da kashi 80 na wannan sana'a a duniya. Biyun a haɗe suke, domin idan gilashi da firam iri ɗaya suka ba da ƙarin wuta, kuɗin kowane wat ya sauka, kuɗin dako ma haka. Inda kaya ke shiga a bayan a-kori-kura ta shingen bincike goma, kowane murabba'in mita da aka rage yana da daraja.

Me gwamnati take yi a nan, kuma babbar tasha ta fi ko ƙanana?

Jami'ar Bayero ta samu tasha mai megawat 7.1 a 2019, an buɗe wata mai megawat 10 a Challawa cikin ƙaramar hukumar Kumbotso a watan Janairun 2023, kuma a ƙarshen shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara take gudanarwa, don ƙananan tashoshin gari da solar gidaje. Babbar tasha tana da amfani ga masana'antu, amma idan ta dogara da dogon layi ta gaji raunin layin. Ga ƙauye, ƙaramar tashar da ke bayan gari, wadda ke ba injin niƙa da masu walda da shaguna wuta da mita, ita na fi amincewa da ita, muddin akwai ɗan gari da aka koya wa gyara kuma ana biyansa.

Allah ya kiyaye, idan rashin tsaro ya sa dole a bar gari, me za a yi da kayan?

Wannan tambaya daga wani bawan Allah ta zo, mutumin ɗaya daga cikin garuruwan da ke iyaka da Katsina, kuma ya yi ta ne da murya ƙasa-ƙasa. Rai ne gaba da komai. Idan babu lokaci, a bar su. Idan akwai lokaci, a fara cire wayar faranti daga jikin kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, sannan a cire ta batir, domin idan aka juya tsarin kwantirolar tana iya ƙonewa; ranar mayarwa kuma batir ake fara jonawa. Inbata, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, da kwantirola ba su da nauyi, su ake fara ɗauka. Babban faranti ya kai kilo 27, ba ya hawa babur cikin sauƙi, don haka a sauke shi a jingina a ɗaki a tsaye, a sa tabarma ko kwali tsakanin kowane biyu. Batir mai ruwa a cika shi da caji kafin a tafi, domin idan ya zauna watanni babu caji ba ya dawowa, na litiyom kuma a bar shi a kan rabi a kashe makunninsa. Wanda ya ga alamar zaman ba tabbas, ya tanadi ƙaramin faranti na wat 30 ko 50 da fitila mai wurin cajin waya, a ajiye su a jaka guda tare da katin asibiti da takardun gona.